Yadda za ka zaga Alƙahira da kuɗi kaɗan, kai da abokin da hanya ta haɗa ku

Mutanenmu suna zuwa Alƙahira sosai, amma kaɗan ne suke ganin garin. Wani ya kai mara lafiya, wani ya je sarin jallabiya da abaya, wani ya raka ɗansa Azhar. Daga masauki sai inda lalura ta kai shi, sai filin jirgi. In ka ce masa ya je dalar Giza, wato manyan kaburburan Fir'aunoni, kuwa, sai ya ce ai yawon buɗe ido na Turawa ne masu kuɗin ɓatarwa. Alhali rabin abin da ya fi kyau a garin kyauta ake ganin sa, ƙafa kawai yake ci. Abin da ke ƙarar da guzurin mai tafiya shi kaɗai shi ne abubuwan da ake biya a dunƙule: hayar mota, kwale-kwale, mai yi maka jagora. Ko kai ɗaya ne ko ku biyu ne, kuɗin bai canza ba. A nan abokin tafiya yake da rana. Sai dai abokin da ka sani jiya yana iya rage maka rabin kashe kuɗi, yana kuma iya ninka maka shi, ya danganta da yadda kuka faro.

Abin da za a gama tun daga gida ba shi da yawa. Biza tun kafin ka tashi, katin rigakafin zazzaɓin shawara a cikin fasfo, da katin banki wanda ka tabbatar yana aiki a ƙasar waje. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi, domin tun 2023 yawancin wuraren tarihi na Masar sun daina karɓar tsabar kuɗi a wurin sayen tikiti. EgyptAir yana tashi daga Kano da Abuja da Legas kai tsaye. In kana da zaɓin lokaci, ka je tsakanin Oktoba da Afrilu. Zafin Yuli da Agusta yana hana yawon ƙafa, in kuwa ba ƙafa to sai aljihu. Disamba da Janairu ka riƙe rigar sanyi. Ka tafi da dalar Amurka, ka riƙa canzawa kaɗan-kaɗan a banki ko shagon canji mai lasisi. A watan Maris na 2024 gwamnati ta saki fam ɗinsu, dala ɗaya ta tashi daga wajen fam 31 zuwa wajen 50, saboda haka duk farashin da wani ya faɗa maka na zuwan da ya yi kafin nan, ka ajiye shi gefe.

Masauki ka nema a tsakiyar gari, unguwar da suke kira Wust al-Balad, tsakanin dandalin Tahrir da titin Tal'at Harb. Tsofaffin benaye ne masu lif irin na da, mai ƙofar ƙarfe da ake ja da hannu, kuma ƙananan masaukai suna can hawa na huɗu ko na shida. Ƙofar shiga ba ta da fasali, amma sau da yawa ciki tsaf yake. Amfaninsu biyu ne: tashar metro, wato jirgin ƙasan cikin gari, tana kusa, sannan akwai falon da baƙi ke haɗuwa a sha shayi da safe. Babban otal ba ya haɗa ka da kowa. Ni a irin wannan falo na haɗu da nawa abokin, wani dattijo mutumin Damagaram da ya gama abin da ya kawo shi, jirginsa kuma da saura. Hula ce ta tona mu. Ban da masauki, harabar masallacin Azhar bayan la'asar ba ta rabuwa da ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar da Chadi, kuma ko ba su raka ka ba za su faɗa maka farashin gaskiya na kowane abu.

Kada ka ɗaura wa kanka mutum daga gaisuwa. Ku fara da fita ɗaya gajeriya wadda ba ta cin kuɗi: ku je sallah a Azhar, ku ci abinci, ku dawo. A wannan 'yar fitar za ka ga abin da kake bukatar gani. In an ce ƙarfe tara, tara yake fitowa ko sha ɗaya? Yana iya tafiyar ƙafa ko kowane lungu sai ya nemi tasi? Yaya yake yi wa mai kawo abinci magana? Hannunsa yana zuwa aljihu in an kawo lissafi, ko a lokacin ne waya take kiran sa? Sannan ka saurari tambayoyinsa. Wanda ke tambayar me kake son gani daban yake da wanda ke tambayar nawa ka zo da shi. In ranka bai kwanta ba, ka ce masa gobe kana da uzuri, shi ke nan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In kuwa ya yi maka, to a daren nan za a yi maganar kuɗi, kuma a nan ne Bahaushe ya fi shan wahala. Mu mutane ne masu kara. An kawo lissafi, kowa ya zabura yana cewa a bar shi ya biya, a yi ta ture hannun juna a gaban mai shago. A gida wannan mutunci ne, don gobe ma kuna tare, abin yana zagayowa. A tafiyar 'yan kwanaki ba ya zagayowa daidai. Ɗaya zai biya shayi, ɗaya ya biya hayar mota ta yini guda, kowa kuma ya yi shiru yana lissafi a zuci. Kafin a rabu an fara jin haushin juna ba tare da an yi faɗa ba. Da na kawo wa Alhaji, dattijon nan na Damagaram, maganar sai ya ɓata rai.

"Haba Malam, ni da kai sai an rubuta? Ai kai ɗana ne."

Na ce, "Allah ya ƙara girma, Alhaji. Don kada kunya ta hana ni cewa mu je wuri ne. In kai ke biya, ba zan iya buɗe baki in ce ina son ganin kaza ba."

Da haka ya yarda. Tsarin ba wuya. Kowace safiya kowa ya zuba kuɗi daidai da na ɗan'uwansa a ambulan ɗaya. Daga ciki ake biyan mota, ruwan sha, abincin da aka ci tare, da ɗan ihsanin da ake miƙa wa masu gadi. Mutum ɗaya ke riƙewa yau, gobe ɗayan. Tikitin shiga wuri da tsaraba kowa da aljihunsa, domin wani zai so shiga inda wani ba ya so. In katin mutum ɗaya ne ke aiki a wurin tikiti, ya biya na biyu, a miƙa masa tsabarsa nan take a gaban tagar, ba sai an koma masauki ba. Wanda kuma yake son yi wa ɗan'uwansa alheri, ƙofa a buɗe take: ya ce yau cin dare nawa ne, a san kyauta ce, a yi godiya. Ku kuma faɗa wa juna iyakar abin da kowa zai iya kashewa a yini, a bi na mai ƙaramin ƙarfi. In ba haka ba, mai kuɗin zai riƙa jan ɗayan zuwa inda zai ci bashi.

Akwai abubuwan da ba sa shiga tarayya ko da kun shaƙu. Fasfo ɗinka da babban kuɗinka suna jikinka ko a kulle. Ɗaki kowa da nasa, duk da na san haɗa ɗaki ne ya fi rage kuɗi. Barci kusa da wanda ba ka san asalinsa ba arha ce mai tsada. Ka tura wa wani na gida sunan abokin da lambarsa da sunan masaukinku, kuma ka gaya masa ka yi, shi ma ya yi hakan da naka. Bashi babu. Sannan babban abin: kada ka riƙe wa kowa kaya ko ƙunshin saƙo ta filin jirgi, komai furfurarsa. Masar ba ta wasa da maganar ƙwayoyi, tiramadol kaɗai ya isa ya kai mutum kurkuku. Mace mai tafiya ita kaɗai ta nemi 'yar'uwarta mace, kuma ta san cewa a metro akwai taragun mata zalla a tsakiyar jirgin, an yi musu alama a bakin dandamali.

Yanzu sai yawon kansa. Ku fara da tsohon gari, don shi ne mafi arha kuma a ganina shi ne mafi daɗi. Ku hau metro zuwa tashar Bab al-Sha'ariya, ku taka zuwa Bab al-Futuh, ƙofar ganuwa da aka gina a 1087. Daga nan titin Mu'izz ya miƙe kudu har Bab Zuwaila, kuma duk tsawonsa masallatai ne da makarantu da wuraren shan ruwa na sadaka na zamanin daulolin Fatimawa da Mamluk. Tafiya a titin kyauta ce. Masallacin Hakim da ke bakin ƙofar ma haka. Ginin Sarki Ƙalawun, inda aka haɗa makaranta da asibiti da kabari, shi ne ke bukatar tikiti, kuma ya ci kuɗinsa. Kuna gangarowa za ku faɗa kasuwar Khan al-Khalili, wadda lungunanta za su tuna maka da Kurmi, sai dai farashin farko da za a faɗa maka na baƙo ne. Ku yi kallo ranar farko, kada ku saya. In lokacin sayen ya zo, ku biyu kun fi mutum ɗaya ƙarfi: ɗaya yana tayawa, ɗaya yana jan hannunsa yana cewa mu tafi. Amma ku daidaita tun a waje, kada kana cikin ciniki abokinka ya ce kai, wannan ai ya yi arha.

Tsallaken titi masallacin Azhar ne, wanda aka aza harsashinsa a 970. Shiga kyauta. Tun ƙarnoni da suka wuce akwai ɓangaren da aka keɓe wa ɗaliban Barno a cikinsa, saboda haka ba yau ƙafar mutanenmu ta fara taka wannan farin dutsen ba. Bayan masallacin akwai lungun masu sayar da littattafai, inda malami zai iya ƙarar da guzurinsa cikin awa ɗaya. Ka tuna littafi nauyi gare shi, kuma awon kaya yana jiran ka a filin jirgi.

Wurin da na fi so a duk garin shi ne masallacin Ibn Tulun, wanda aka gama a 879. Ba a sayen tikiti. A bakin ƙofa wani zai durƙusa ya ɗaura maka wata jakar yadi a kan takalminka, ka ba shi ɗan abin da ya samu. Kana shiga hayaniyar gari take yankewa. Fili ne makeke, bakuna na jan bulo sun kewaye shi, hasumiyarsa kuma matakalarta ta waje take nannaɗe ta. Alhaji bai hau ba saboda gwiwa, ya samu inuwa ya zauna da carbinsa, ni na hau na hango ganuwar Salahuddin da hasumiyoyin masallacin Sultan Hasan. Abin da ya kamata ku saba da shi ke nan tun da wuri: ba dole ne duk inda ɗaya ya sa ƙafa ɗayan ma ya sa ba. Daga nan mota kaɗan ce zuwa kabarin Imam Shafi'i, wanda ya rasu a Masar a 820. Masallacin Amru bn al-As, na farko da aka gina a ƙasar, yana kusa da tashar metro ta Mar Girgis, tare da tsofaffin coci-cocin Kibɗawa, Kiristocin Masar, duk a zagaye ɗaya.

Giza ku ba ta safiya guda, ku isa da an buɗe. Ku kira mota ta manhajar Uber ko Careem, don farashin yana fitowa a waya, babu ja-in-ja. Lambar motocinsu da ƙidayar Larabci take, wanda ya yi makarantar allo ko islamiyya ba zai sha wuya ba. A hanya wani na iya tare ku ya ce an rufe ƙofa, ko wai nan ne wurin tikiti. Kada ku sauka sai a mashigar hukuma. A ciki ma kada ka miƙa tikitinka ga wanda ba ma'aikaci ba. Wani zai yafa maka rawani a ka yana cewa kyauta ce, da ka taka biyu kyautar ta zama ciniki. Ka ce "la, shukran", wato a'a, na gode, kana tafiya, kada ka tsaya bayani. Raƙumi kuwa, mu da muka taso muna ganin sa a kasuwa, ban ga dalilin biyan kuɗi don a hau shi ba. In abokinka ya nace, a yanke kuɗin hawa da na sauka gaba ɗaya, a fam, kafin ya ɗora ƙafa. Babbar dalar, ta Fir'auna Khufu, ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali wajen mita 146. Shiga cikinta tikiti ne daban mai tsada, abin da ke ciki kuma ɗaki ne babu komai sai akwatin dutse. Ka riƙe kuɗinka, ga inda za ka shiga.

Saƙƙara da Dahshur suna kudu da gari, motar haya ba ta kai mutum bakinsu cikin sauƙi, kuma nan ne mai tafiya shi kaɗai yake haƙura saboda tsadar mota. Ku biyu kuwa abin ya zo da sauƙi, in kun samu na uku a masauki ya fi. Ku ɗauki mota ta yini. Kafin a tashi a yanke komai: wuraren da za a je, awa nawa zai jira, kuɗin duka nawa, kuma sai an dawo za a biya. Ku ce masa ba kwa son tsayawa shagon turare ko na darduma ko na takardar zamanin Fir'auna, don direba yana da kamasho a can, ku kuma lokacinku ne ke tafiya. A Saƙƙara akwai dalar Zosar mai hawa shida, wadda ta girmi na Giza. A Dahshur akwai biyu na Sinefru, mahaifin Khufu: ɗaya ta lanƙwashe a tsakiya don magina sun sauya kusurwarta ana cikin aiki, ɗayar kuma ita ce Jar Dala. Tikitin shiga filin ya haɗa da shiga cikinta. Za ka gangara wani dogon rami a sunkuye, iskar ciki tana da wari mai hawa kai, sannan ka ɓulla ɗaki mai rufi dogo da aka jera duwatsunsa suna matsowa har suka haɗe a sama. Ba cunkoso, ba masu tallan dole. Cinyoyinka za su ba ka labari washegari, don haka mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya tsaya a waje.

Gidajen tarihi su ne masu cin kuɗi, baƙo kuma yana biyan ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya. Ɗalibi mai katin ɗalibta na ƙasa da ƙasa rabi yake biya. In guzuri bai kai duka ba, zaɓi ɗaya. Mai son ganin gawarwakin Fir'aunoni ya nufi gidan tarihin da ke Fusɗaɗ, inda aka mayar da guda 22 a watan Afrilun 2021, har da Ramsis na Biyu. Ba a ɗaukar hoto a ɗakin. Mai son zinaren Fir'auna Tutankhamun ya je sabon babban gidan tarihi na kusa da Giza, wanda aka yi bikin buɗewa a Nuwamban 2025. Tsohon na Tahrir, na 1902, yana nan a bakin masaukinku. A nan ni da Alhaji muka raba hanya na yini guda: shi Fir'auna yake son gani da idonsa saboda abin da ya karanta a Alƙur'ani, ni kuma wani wurin nake so. Muka yi alƙawarin haɗuwa bayan magariba. Irin wannan rabuwar tana gyara tafiya, don mutum biyu da ba su saba ba in suka wuni manne da juna kullum, gajiya da juna tana riga gajiyar ƙafa zuwa. Kowa dai ya sa layin waya na ƙasar, ana sayarwa a filin jirgi da fasfo, ya kuma riƙe katin masauki mai adireshi da Larabci.

Abinci ba zai dame ku ba in kun ci abin da 'yan gari ke ci. Da safe ful, wato dafaffen wake da mai da lemon tsami, da ta'amiyya mai kama da ƙosai, da gurasarsu. Da rana koshari: shinkafa da taliya da makaroni da wake iri biyu, a zuba miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa. Tun daga waje za ka ji mai zubawa yana buga ludayi a bakin tukwane, kwaram-kwaram, hannunsa ba ya tsayawa. A kan tebur akwai kwalba biyu, ɗaya ruwan tafarnuwa mai tsami, ɗaya yaji. Ka fara da kaɗan. Ruwan rake ana matse shi a gabanka, zoɓo kuma suna sha da zafi da sanyi. Gidan abinci mai teburi da farin ƙyalle zai ƙara maka harajin kashi 14 cikin ɗari da kuɗin hidima a kan abin da ka gani a takarda. Ruwan sha ku sayi babbar gora a kanti daga kuɗin ambulan, kowa ya ɗura a tasa.

Da yamma ku taka gadar Ƙasr al-Nil mai gumakan zakuna, inda 'yan gari ke shan iska, ba ko sisi. Kwale-kwale mai filafilai kuwa da awa ake hayarsa, jirgin gaba ɗaya, ba da kai ba, don haka ku tambayi wasu a masauki ko za su shiga a raba. Ku yanke kuɗi da tsawon lokaci kafin ku taka jirgin. Waya kuma a kiyaye inda ake nuna ta: ba a ɗaukar hoton 'yan sanda, sojoji, ko gine-ginen tsaro. In abokinka mai son hoto ne, ka gaya masa tun da wuri, don in aka tsare shi kai ma ba za ka wuce ba.

Daren da ɗayanku zai tafi, ku zazzage ambulan a kan tebur, a ƙirga, a raba biyu, ko a bar wa mai share ɗakuna in canjin bai taka kara ya karya ba. Ku tura wa juna hotuna tun kuna kan intanet ɗin masauki. In jiragenku sun yi kusa da juna ku haɗa motar filin jirgi, ku fita da wuri, don cunkoson Alƙahira ba ya da alƙawari, sai dai safiyar Juma'a da titi ke zama fayau. Ragowar fam ɗin da ke hannunka ka ware na mota, sauran ka mayar da shi dala ko ka kashe shi a dabino da tsarabar yara, don da wuya ka samu mai canza maka shi da daraja in ka dawo gida.